Shuɗin Mayafin Takla

Gashinta masu gadi suka kama suka jawo ta daga kan soro, jaririnta Nikola na tsala ihu a ƙirjinta, yayin da duwatsun rundunar Musulmi ke ta faɗowa kan ganuwar garinmu Akka. Takla marainiya ce, ba ta da kowa sai mijinta Sam'an, matuƙin jirgin ruwan da ya tafi tsibirin Kubrus neman alkama tun kafin a kewaye garin. Laifinta ɗaya ne: kowace safiya takan shanya shuɗin mayafi a kan soro, kamar yadda matan matuƙa ke yi don mai dawowa ya hango daga teku ya san iyalinsa na raye.

Wan mijinta Girgis ya san haka sarai, tunda uwarsu ma ta yi. Amma gidan Takla na da matakala har cikin ruwa, shi kuwa yana neman ƙofar gudu. Sai ya je wa Turawan da ke tsaron ganuwa, baƙin da ba su san al'adarmu ba.

“Alama take yi wa abokan gaba!” in ji shi. “Duk inda ta shanya tsumman nan, nan dutse ke sauka!”

“Yaya, ka ji tsoron Allah!” ta faɗa cikin kuka. “Kai ne fa ka riƙe yaron nan ranar baftisma…”

“Rufe mana baki, 'yar tsintuwa! Wa ya san asalinki?”

Ya ƙone mayafin a gabanta, aka kulle ta a hasumiyar bakin ruwa. Wayyo! Duk mai ɗa ya san ciwon wannan. Busasshiyar gurasa ake wurgo mata, har nononta ya ƙafe, kukan Nikola ya koma kamar na ɗan mage. Takan jiƙa yatsa da hawayenta ta sa masa a baki, tana cewa, “Ya Ubangiji, in za ka ɗauka ka ɗauke ni, ka bar shi…” Da ƙarfinta ya kusa ƙarewa, ta yage shuɗiyar rigarta ta ɗaura a ƙarfen taga.

Ranar da ganuwa ta faɗi, gari ya kama da wuta, masu gadi suka tsere. Jiragen matuƙa suka shigo kwasar iyalansu, kowa na bin mayafin gidansa. Sam'an ya dubi soronsa ya ga wayam, ya durƙusa yana kuka. Sai wani tsohon matuƙi ya dafa shi.

“Kai, share majinar nan ka duba can! Tun yaushe hasumiya ta yi miji a teku?”

Suka fasa ƙofar hasumiyar da gatari. Takla ta kasa ko miƙewa, yaron kawai ta miƙa masa. Aka ɗiga masa madarar akuya… ya haɗiye! Wani Bature mai gadi da ya maƙale a jirgin ya ga mayafai birjik a kan soraye, ya sunkuyar da kai ya roƙi gafararta.

Girgis kuwa yana tsaye a matakalar da ya ƙwace, da akwatunansa, yana ta ɗaga hannu cikin hayaƙi. Jirage suka yi ta wucewa, ba wanda ya ko juyo, domin a wurin matuƙa gidan da ba mayafi gidan matattu ne.