Amanar Gunvor

Ana ruwan sama ranar da Tuva ta fara ganin Sindre, ruwan kuwa ba abin labari ba ne a Kristiansund, garin nan namu da za ka shanya kaya da safe ka kwashe su da yamma sun fi jiƙewa. Ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane tsakanin tsibiran garin har ya fara ja da baya ta iso a guje, rungume da kwali cike da barguna.

"Tsaya! Don Allah tsaya!"

Matuƙin, wato Sindre, ya leƙo, dogo ne mai jan gemu. Ya dawo da jirgin bakin gaɓa yana murmushi.

"Baiwar Allah, duk wannan bargon ke kaɗai? Ai sanyin bai kai haka ba."

"Kai dai ja jirginka," ta ce tana haki. "Na mutane ne."

Kafin su kai ɗaya gaɓar ya san sunanta, ita kuma ta san cewa idanunsa suna dariya tun kafin bakinsa ya fara.

Tuva ce shugabar wata ƙungiya mai taimakon matan da ake duka a gidajen aurensu. Suna da ofis inda mace za ta zo ta zauna ta sha kofi ta yi magana, ko ba ta faɗi sunan kowa ba, suna kuma da gidan fakewa da ba a faɗin inda yake. Doka ta farko da Tuva take koya wa duk sabuwar ma'aikaciya ita ce, in kin haɗu da matar da ke zuwa wurinmu, a kanti ne ko a coci, ba ki san ta ba, sai in ita ta fara gaishe ki. Garin ƙarami ne. Gaisuwa ɗaya a gaban mijin da bai dace ba tana iya sa mace ta kwana a asibiti.

Aikin ya sa Tuva ta daina yarda da murmushin maza. Amma Sindre bai yi gaggawa ba, bai kuma taɓa tambayarta abin da ba ta faɗa ba. Saƙonni kawai yake aikowa.

"Shugabata, jirgin yamma ya tashi babu ke. Fasinjoji sun ce fuskata ta koma ta busasshen kifi. Ki tausaya musu."

"Matuƙina, ka ba su haƙuri, daman haka fuskar take. Ga ni nan tafe."

Da bazara ta shigo ya ce yana son aurenta, ta amince tana dariya tana hawaye. Ranar Lahadi ya kai ta cin abincin rana gidan iyayensa.

Mahaifinsa, Arnfinn, shi ya buɗe ƙofa. Kowa a garin ya san shi, shi ke jagorantar mawaƙan coci, kuma in rufin maƙwabci ya yi yoyo shi ne farkon hawa tsani. Ya kama hannunta da hannu biyu.

"Au, ke ce mai raba auren nan? Shigo, shigo, namu dai ya fi ƙarfinki!" Ya tuntsire da dariya. "Gunvor! Fito ki ga surukarki."

Tuva na cire takalmi matar ta fito daga kicin riƙe da tukunyar kifi da dankali. Suka haɗa ido.

Ta san matar nan. Ta daɗe tana zuwa ofis da jakar saƙa a hannu, domin a gida ta ce taron mata masu saƙa take zuwa. Ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko na ɗanta, "yarona" kawai take cewa. Tuva ta sha ganin shatin yatsu a damtsenta, ta kuma sha jin ta tana cewa, "Ba kullum ba ne, in ba a ɓata masa rai ba mutumin kirki ne."

"Sannu, Tuva sunana," ta ce, ta miƙa hannu kamar yau ta fara ganinta.

"Sannu da zuwa," in ji Gunvor.

Abincin ya ƙi wucewa. Arnfinn na ta zuba labari, Sindre na dariya, Gunvor kuwa sai ta saci kallon mijinta kafin ta ce ko da "a ƙara miya?" Tuva ta kasa kallon kowa. Ta ƙi kallon mijin don kada fushinta ya fito, ta ƙi kallon matar don kada tausayinta ya tona asiri. Haka ta zauna kamar an dasa ta har suka tashi.

A hanya Sindre ya ce, "Me suka yi miki? Mama ta wuni a kicin saboda ke, ko kallon arziki ba ki yi mata ba."

"Kaina ke ciwo."

Bayan 'yan kwanaki saƙonsa ya shigo, babu wasa a ciki.

"Mama ta ce ba ki dace da ni ba. Ta ce in na aure ki ba za ta taka gidanmu ba. Tun da nake ban taɓa jin ta ƙi wani mutum ba, har kuka ta yi. Rabin raina, ki faɗa min abin da ke tsakaninku, in gyara."

Tuva ta karanta, ta ajiye wayar, ta yi kuka mai isarta. Ta san ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Kalma ɗaya za ta warware komai, kuma kalmar nan ba tata ba ce.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Gunvor ta daina zuwa ofis. Mako ya wuce, wani ya biyo, kujerar da take zama kusa da taga babu kowa. Ba a kiran mace a waya a gidan da mijinta ke duba wayarta. Wuri ɗaya tak matar nan take da shi a duniya inda za ta buɗe baki, soyayyar Tuva ta zo ta rufe mata shi.

Sai ta je ta sami Sindre a bakin gaɓa, ta zare zoben alkawarin da ya ba ta ta sa masa a tafin hannu.

"Ka gaya wa mahaifiyarka na haƙura. Ka tabbata ka gaya mata, ka ce babu sauran abin da ya haɗa ni da gidanku."

"Tuva, akwai wani ne?"

Ta kau da kai ta kalli ruwa.

"Ki ce babu mana! Ko ƙarya ce ki faɗa, zan yarda."

Ba ta ce komai ba, domin ta san in ta buɗe baki komai zai zubo. Ya kalle ta da idanun da babu sauran dariya a cikinsu, ya hau jirginsa ya tafi. Daga ranar ta koma bin doguwar hanya ta gada a cikin bas.

Kaka ta wuce, dusar ƙanƙara ta sauko. Tuva ta rame, tana zuwa makarantu tana koya wa yara cewa so ba ya zuwa da mari, ta dawo gida ta zauna ita kaɗai. Gunvor kuma ba ta dawo ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, ta rasa masoyi, abin da ta rasa shi dominsa ma bai samu ba.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Ta buɗe. Gunvor ce a tsaye, hannunta na hagu ɗaure da bandeji, leɓenta a fashe. A bayanta ga Sindre cikin rigar aiki, riƙe da ƙaramar jaka, fuskarsa fara fat.

Ko a nan Tuva ba ta karya doka ba. Ta tsaya tana jira.

"Sannu, Tuva," in ji Gunvor. "Ni ce dai. Yaron nan da nake ba ki labari, ga shi. Na gaya masa komai a cikin jirgi. Tun da kuka rabu bai ƙara dariya ba. Na ce yau ban da hannuna har ɗana mutumin nan zai karya? Kuma ni na taya shi."

"Ba laifinki ba ne," Tuva ta ce a hankali, ta jawo ta ciki.

Bayan wata ma'aikaciya ta tafi da Gunvor wurin likita, Sindre ya zauna a matakalar bene ya rufe fuska da hannu.

"Ina yaro nakan ji," ya ce. "In rufe kaina da filo. Da na girma sai na ce wa kaina ya wuce. Ni da nake cin abinci a gidan duk Lahadi ban gani ba, Tuva. Kuma na ce ke ce mara kirki."

Ta zauna a gefensa. "Ita ta ɓoye maka, don ta san son da kake masa."

"Kin bar ni na zarge ki da wani namiji."

"Na bar ka. Kuma in an sake, haka zan sake yi. Ka san wannan tun yanzu, Matuƙina, akwai abubuwan da har na mutu ba za ka ji daga bakina ba."

Ya kama hannunta ya ɗora a kan idanunsa da suka jiƙe. "Ki riƙe su. Ni dai kada ki ƙara barina."

Ba a sha da sauƙi ba. Rabin garin ya ce ai Arnfinn ba zai aikata ba, wasu 'yan cocin suka daina gaishe da Gunvor, aka ce surukar ce ta hure mata kunne. Sindre ya rasa uba yana raye, kuma Tuva ba ta hana shi kukan wannan rashin ba.

Da bazara ta zagayo aka ɗaura aurensu, taro kaɗan. A wurin walima, bisa al'ada uban ango yakan tashi ya yi jawabi. Da aka zo nan sai wuri ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Gunvor ta buga cokali a jikin kofi ta miƙe.

"Ban iya jawabi ba," ta ce. "Na ce yarinyar nan ba ta dace da ɗana ba. Ƙarya na yi, tsoro ne ya sa ni. Ta yarda ta rasa shi don kada ta ci amanata."

Ta juyo ta kalli su biyun.

"'Ya'yana, za ku yi faɗa, ku yi abinku. Amma ni shekara da shekaru ina jin takun mijina a bakin ƙofa cikina ya ɗuri ruwa. Allah ya sa duk ranar da ɗayanku ya ji takun ɗan'uwansa, murna ce za ta tashe shi ya buɗe ƙofa. Allah ya yi muku albarka."

Tuva ta tashi da farar rigarta ta zagaya tebur ta rungume ta. "Amin, Mama," ta ce, Sindre ya zo ya haɗa su duka biyun a ƙirjinsa.