Akwatin Jakada

Zaharadeen dillalin kayan tarihi ne a unguwar Sabo da ke Ibadan. Wata Laraba gab da magariba ya shigo gida da ɗan akwati na koren dutse, an jera wa murfinsa jajayen duwatsu masu daraja. 'Ya'yan wani tsohon jakada ne suka sayar masa a unguwar Bodija bayan rasuwar ubansu. Sun ce wani sarki na ƙasar waje ne ya ba marigayin, ranar da ƙasashen biyu suka ƙulla zumunci.

Matarsa Ashatu tana suyar awara a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo cikin kaskon. Wata ta biyo, wata ta biyo. Daga sama suke sauka, babu mai jifa.

'Yarsu Mahbuba ce ta buɗe murfin. Babu komai a ciki. Daga ranar ta daina ci, ta daina magana, sai kallon bango.

Zaharadeen ya koma Bodija, aka ƙi buɗe masa ƙofa. Ya jefa akwatin a rafin Ogunpa, ya dawo ya tarar da shi a cinyar yarinyar, yana ɗigar ruwa.

A kwana na tara aka ɗauko Malam Sammani mai ruƙiyya. Ya yi ta karatu tun la'asar har rana ta yi ja. Sannan bakin Mahbuba ya buɗe da muryar tsoho.

"Ni kyauta ne. An aiko ni in tsare wanda aka ba. Ku kuma kuka saye ni kamar akuya."

"Ka sake ta, ka koma wurin wanda ya aiko ka," in ji Malam.

"Ya mutu. Fadarsa ta zama kufai. Ba na fita sai wani ya karɓe ni da hannu biyu, ya yi godiya, yana sane da abin da ya karɓa."

Malam ya ci gaba da karatu har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai. "Alhaji, iyakar abin da na sani ke nan."

Zaharadeen ya dubi wuyan 'yarsa, duk ƙashi ya fito. Ya durƙusa, ya miƙa hannuwa.

"Baban Mahbuba, don Allah kar ka yi," in ji Ashatu.

"Na karɓa," ya ce. "Na gode."

Mahbuba ta yi atishawa, ta sulale. "Umma, ruwa."

Ashatu ta shayar da ita tana kuka, sannan ta waiwayi mijinta. Yana zaune a miƙe, akwatin a gwiwarsa. Sau uku ta kira shi. A na ukun ya juyo a hankali, ya dube ta irin duban baƙon da bai san matar gidan ba.