Ƙusa a Bangon Murhu

Rana ta yi ja a bayan dogayen benayen unguwar Dengfeng lokacin da Ma'azu ya shigo gida tare da abokinsa Illa, suna ɗauke da kwalin sabon talabijin, irin mai faɗin nan marar kauri da ake kafewa a bango. Lokacin damshi ne, lokacin da bangon gidajen birnin Guangzhou na ƙasar Sin ke yin gumi, madubi ya yi hazo, shanya ta ƙi bushewa. Hasiya matar Ma'azu tana kicin tana tuƙa tuwon shinkafa. 'Yarsu Surayya, mai shekara goma sha huɗu, ta ajiye karatunta ta taso tana murna.

Ma'azu mutumin Kano ne, sana'arsa sayen kayan waya yana lodawa zuwa gida. Gidan da yake haya tsohon gini ne na jan bulo a cikin wani lungu, hawa na biyu. A bangon falon akwai murhun jin ɗumi irin na Turawa, da bututun hayaƙi da ya bi ta cikin bango har rufi. Ba wanda ya taɓa ganin wuta a cikinsa. Tsohuwar da ke da gidan ta taɓa nuna musu da hannu cewa tun tana yarinya aka toshe bakinsa da katako. Saman murhun nan Ma'azu ya zaɓa, don nan ne kowa zai gani daga inda yake zaune.

Mai shagon da ya sayar masa da talabijin ya ce sai gobe zai turo mai kafewa, amma Ma'azu bai iya jira ba. An turo musu bidiyon bikin ƙanen Hasiya, bikin da ba su samu zuwa ba, kuma ya ga yadda take ƙura wa 'yar wayarta ido tana neman fuskar mahaifiyarta a cikin taro. So yake ta ga mahaifiyar tata da girma a daren nan. Shi ya sa ya ari injin huda bango a wurin Illa, mutumin Maraɗi da ke zaune a layinsu.

Hasiya ta leƙo ta ce su bari a yi sallar magariba, ba a bubbuga bango da almuru. Ya ce yanzun nan za su gama.

Ramukan farko sun hudu da ƙyar, jar ƙura tana zuba. Da ya zo na tsakiya, bakin injin ya daɗe yana ci, sai kuma ya faɗa farat ɗaya, kamar ya shiga wani abu mai laushi. Aka ji wani ɗan siririn kuka, gajere, kamar na ɗan kyanwa, ya yanke. Ma'azu ya kashe injin. Falon ya yi tsit, sai ƙarar mashinan kan titi daga nesa. Illa ya ce ɓera ne ko tsuntsu. Ma'azu ya ɗauki ƙusa mafi tsawo ya zura a ramin, ya ɗaure ta tamau, suka rataye talabijin.

Bayan isha'i suka baje a gabansa da kwanukan tuwo. Hasiya ta ga mahaifiyarta tana rangaɗa guɗa, ta yi dariya har da hawaye. Surayya ta miƙe tana kwaikwayon rawar gwaggonta, su Ma'azu suna tafi. An daɗe ba a yi dariya irin wannan a gidan ba.

Washegari da almuru dutse na farko ya faɗo. Ɓarin bulo ne, baƙi ƙirin da kunkunniya, ya gangaro daga bayan katakon murhu ya tsaya a tsakiyar falo. Da Hasiya ta ɗauka sai ta ji shi da ɗumi. Kashegari duwatsun suka ƙaru. Daga nan kullum rana ta faɗi sai a fara jin karce-karce a cikin bango, a hankali, ba tsayawa, kamar mai tono da farce, sannan duwatsu su riƙa fitowa. Wani ya fasa kofi, wani ya daki Ma'azu a ƙauri. Maƙwabcin ƙasa ya hawo yana nuna rufinsa yana faɗa, Ma'azu yana ta ba shi haƙuri da 'yan kalmomin Sinancin da ya iya, don baƙo a ƙasar mutane ba abin da yake gudu kamar a ce gidansa ne ake hayaniya.

Sai kuma muryar ta zo. Idan sun kunna talabijin don su ɗauke hankalinsu, da zarar wani ya yi dariya sai hoton ya ɗauke, gilashin ya yi baƙi. A cikin shirun nan sai a ji mace tana rera wani abu can ƙasa-ƙasa a bayan bango, irin wanda ake yi wa jariri idan ya ƙi barci. Ba su gane yaren ba. Hasiya ta ce ba ta buƙatar ganewa.

Surayya ta daina cin abinci. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta koma sai an yi magana uku ta amsa ɗaya. Wata rana Hasiya ta idar da sallar magariba ta fito ta tarar da ita durƙushe a gaban murhu, ta ɓamɓare katakon, ta zura hannayenta sama cikin bututun tana tono. Faratanta duk sun karye, jini da kunkunniya sun haɗu har gwiwar hannu. Hasiya ta kira sunanta. Yarinyar ta waiwayo, amma kallon ba nata ba ne. Kallon babbar mace ne wadda ta gaji da kuka.

Suka kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba. Da rana tana kwance shiru. Rana na faɗuwa sai ta koma gaban murhu, kuma ƙarfin Ma'azu da na Illa a haɗe ba ya ɗaga ta. Ma'azu ya daina fita kasuwa. Hasiya ta daina ɗaukar wayar mahaifiyarta, don ba ta san abin da za ta ce mata ba.

Illa ne ya kawo maganar Malam Ibrahim Khalil, wani dattijo mai sayen atamfa a kasuwar Sanyuanli, wanda ya yi karatu mai zurfi kafin ya shiga fatauci. Bayan sallar Juma'a Ma'azu ya tare shi ya faɗa masa komai. Malam ya tambaye shi ko ya yi bisimilla kafin ya huda bangon. Ma'azu ya sunkuyar da kai.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Ya yi alwala, ya sa Hasiya ta lulluɓe yarinyar da mayafi ta riƙe ta, shi kuma ya zauna a gefe ya fara karatu. Hasken taga yana raguwa, muryarsa tana cika falon. Ya daɗe yana yi kafin jikin Surayya ya fara rawa. Da ya shiga Suratul Jinni sai ta miƙe zaune, ta buɗe baki, wata murya mai nauyi ta fito, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

Ya tambaye ta ko wace ce ita. Ta ƙi faɗin sunanta. Ta ce a cikin bututun nan take zaune tun kafin a haifi tsohuwa mai gidan, kuma 'yan haya nawa suka zo suka tafi ba ta taɓa ko tsinken wani ba. Ta ce waɗannan ma ta ji daɗin zuwansu, don matar tana turare gida, yarinyar kuma tana da daɗin murya. Malam ya ce to me ya sa take zaluntar yarinyar.

"Ɗana yana barci a jikin bango. Mutumin nan ya soke shi da ƙarfe." Ta ɗaga hannun Surayya ta nuna Ma'azu. "Bai ko farka sosai ba. Sannan suka rataye wannan abu a kansa, suka zauna suna fuskantar wurin suna dariya. Ina riƙe da ƙafarsa tana yin sanyi, su suna tafi."

Ma'azu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

Malam ya ce mata kuskure ne, mutumin bai san da su ba, kuma ko da ganganci ne, wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ta ce ita dai abin da ta sani, ɗa a madadin ɗa. Za ta zauna a jikin yarinyar har ta ƙare, su ma su ɗanɗana. Ma'azu ya rarrafo yana cewa shi ya yi, ta ɗauke shi ta bar yarinyar. Ta ce ba ta da abin da za ta yi da shi.

Malam ya murtuke fuska. Ya gargaɗe ta cewa idan ba ta fita ba zai ci gaba da karatu har ta ƙone.

"Ƙone ni," in ji ta, a hankali. "Da ka taimake ni."

Malam ya dubi yarinyar. Ya sha karo da masu taurin kai da masu ƙarya da masu barazana, amma bai taɓa haɗuwa da wadda ba ta tsoron ƙuna ba. Duhu ya fara cika falon, ba wanda ya tashi kunna fitila.

Hasiya ce ta yi magana. Ita ma ta taɓa binne ɗa, wan Surayya, wanda zazzaɓi ya ɗauke a Kano yana fara tafiya, kuma ba ta cika ambatonsa ba. Ta saki kafaɗar yarinyar, ta zagayo ta durƙusa a gabanta kamar yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Baiwar Allah, ya haƙuri?" in ji ta. "Ba mu sani ba. Wallahi da na sani da ban yi dariya ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne."

Jikin Surayya ya sandare. Can sai wani kuka ya ɓalle daga ƙirjinta, kukan da ya fi ƙarfin ƙirjin yarinya. Hasiya ta rungume ta, ba ta san ko 'yarta take rungume da ita ko ɗayar ba, su biyu suna ta kuka. Malam ya kawar da kai ya ƙyale su.

Da kukan ya lafa, muryar ta ce ba wanda ya yi mata gaisuwa sai yau. Danginta sun daɗe da barin unguwar, tun da aka fara rushe tsofaffin gidaje, ita kaɗai ta rage da yaron. Ta ce duwatsun nan ba jifa ba ne da farko, tono take yi. Ƙarfen ya danne shi a jikin bulo, ita kuma ba ta iya taɓa ƙarfe, har yau yana nan ba ta binne shi ba. Da nata hannun ya gaza ne ta ari na yarinyar.

Malam ya tambaye ta, idan an zare ƙarfen za ta fita, ba dawowa. Ta ce za ta fita, amma kada a sake rataye komai a wurin. Ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta, ta rantse.

Ma'azu da Illa suka sauke talabijin suka jingine shi a lungu. Ma'azu ya ɗauko sufana, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya fara kwance ƙusoshin. Da ya zo kan ta tsakiya sufanar ta suɓuce masa ta faɗi. Illa ya miƙa hannu zai karɓa, Ma'azu ya girgiza kai. Ya kwance ta a hankali, yana juyawa yana tsayawa, kamar mai tsoron fama ciwo. Da ta fito, tsininta a jiƙe yake da wani abu baƙi.

Surayya ta miƙe ta taka zuwa murhu. Ta zura hannu biyu ciki, ta fito da su a tallafe, ba a ganin komai a kansu, amma sun lanƙwashe da nauyi. Ta daɗe tana kallon abin da ke hannunta. Ta sunkuya ta mayar da shi bayanta, ta yi kamar mai ɗaura zane, ta gyara goyon. Sannan ta dubi Hasiya.

"Ki yanke mata farcen, ki shafa mai. Ban so na ɓata mata hannu ba."

Ta dubi Ma'azu, ta kawar da kai. Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi atishawa, ta tafi za ta faɗi, Hasiya ta tare ta. Wata iska mai ɗumi ta bi ta cikin bututun ta yi sama, 'yar kunkunniya ta zubo, shi ke nan.

Malam ya tofa addu'a a ruwa ya ce a ba ta idan ta farka. Kafin ya tafi ya ce wa Ma'azu ya yi istigfari ya yi sadaka, kada ya kashe kansa da tunani, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Ma'azu ya gyaɗa kai, amma idonsa yana kan ramin da ke bango.

Surayya ta yi barci har hantsi. Da ta fito falo tana dafa bango, sai ta tarar an ture kujeru gefe, an shimfiɗa tabarmi. Mahaifinta yana zaune da carbi, bai sa kayan fita ba. Mahaifiyarta ta soya waina tana zubawa a robobi, za a kai wa maƙwabta, har da na ƙasa mai faɗa. Idanunsu duka biyu sun kumbura. Yarinyar ta dubi hannayenta da aka naɗe da ƙyalle, ta dubi tabarmin, ba ta tuna komai ba, amma ta san irin wannan zaman.

"Umma, wa ya rasu?"

Hasiya ta ajiye robar. Ta jawo ta ta zaunar da ita kusa da ita, ta gyara mata ɗankwali.

"Ɗan maƙwabciyarmu ne," in ji ta. "Zauna mu yi masa addu'a."