Littafin Bakin Ƙofa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji shida karatuna ya tsaya, kuma ko a gida sai an ce in ɗaga murya. Amma abin ya ƙi barina in huta.

Ranar nan Likita ya zo gidanmu da takardu, yana ta fara'a. Ƙaramin likita ne a sashen ƙoda da mafitsara, ni kuma mai shara a can. Wata takwas yana nemana, har ya ba ni zobe. Baba na kishingiɗe a tabarma, ledar fitsarinsa a ɓoye ƙarƙashin mayafi.

"Sarauniyata, bincike ya kammala. Zauna in fassara miki."

Ya ce likitoci a ko'ina suna rubutu kan abin da annoba ta yi wa aikinsu, tiyatar da aka ɗage, masu tsakuwar ƙoda da suka zo a makare. Sai ya karanta nasa: wai yawancin marasa lafiyar sashenmu sun ƙi dawowa asibiti saboda tsoron cutar.

"Wa ya gaya maka?"

"Katunansu. An ba su rana, ba su zo ba."

"Ba su zo ba..." na maimaita.

Lokacin kullen annoba ni aka ajiye a bakin ƙofar asibiti da na'urar auna zafin jiki, aka ce duk wanda ba ranga-ranga aka kawo shi ba, in mayar da shi. Da bakina na mayar da su. Tsofaffi da robar fitsari a jiki, suna tafiya a dudduƙe. Baba ma sau huɗu ya zo, sau huɗu na ce, "Baba, sun ce sai wani mako." Har ƙodarsa ɗaya ta lalace. Ina rubuta sunan kowa a wani littafi, da rana da lambar waya ko kwatancen gida, ina cewa in an buɗe zan neme su. Aka buɗe, kunya ta hana ni.

Na zaro littafin daga ƙarƙashin katifa na dire a gabansa.

"Ga matsoratanka, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na bakwai shi ne wannan da kake kira suruki."

"Ke, yi a hankali, baƙo ne," in ji Baba.

"Baba, a takarda ya ce tsoro ne ya hana ka zuwa."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ɗana, wanda ya kwana biyu fitsari bai fita ba, wace annoba ce za ta ba shi tsoro?"

Likita ya ɗauki littafin ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Bayan kwana uku abokiyar bincikensa ta tare ni ina goge baranda. 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita danginsu suka so ya aura.

"Ke ce mai littafin? An gama aiki an sa hannu, sai mai tsintsiya ta kawo rubutu kamar tafiyar tsutsa. In ya janye, ƙarin girmansa ya tafi. Za ki biya shi da bokiti?"

Da yamma mahaifiyarsa ta kira, na san wa ya kai mata.

"Yarinya, ashe bayan zubar da fitsari har bincike kike koyarwa? Ki bar mini ɗa ya ci gaba."

"To, Mama," kawai na ce. Amma da safe na same shi a ofis na ajiye zoben a kan tebur.

"Haba, masoyiya..."

"Ba zan zauna da wanda ya sa hannu a ƙarya kan ubana ba. Ku kuka rufe ƙofa, ni kuka sa na kore su, yanzu kuma su ne masu laifi?"

Wata biyu in na hango shi sai in canza hanya. Sai wata rana da la'asar wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya dube ni.

"Mutumin naki ne. Wai sau nawa na zo ƙofa."

Ba a daɗe ba ya zo da kansa, ya rame, da sababbin takardu.

"Na janye na farkon. Na kira mutum ɗari da tamanin daga littafinki. Shida ne kawai suka ce tsoro. Goma sha tara... 'ya'yansu ko matansu ne suka ɗauka."

Ya nuna mini sunana a saman takardar, kusa da nasa.

"Mama fa?"

"Ta ji ina waya da wata tsohuwa da mijinta ya rasu yana jiran tiyata. Ta yi kuka. Ta ce in tambaya yaushe Baba zai karɓi manyana."

"Ka ce mata matsoraci yana nan, ba ya zuwa ko'ina," in ji Baba.

Ya ajiye zoben a kan littafin. Ban ɗauka a gabansa ba, ai ban gama hucewa ba.

Saura mutum talatin da ɗaya da ba su bar lamba ba, sai kwatancen gida. Washegari da safe na sa zoben, na rungumi littafin, na bi kwatancen farko har wata ƙofar langa-langa, na yi sallama. Wani tsoho ya leƙo.

"Wace ce?"

"Baba, yarinyar bakin ƙofa ce. An buɗe."