Bututun Dakta Hamdiyya

Ana kiran azahar aka bugo wa Insifekta Mamman Sani waya a komisariyar 'yan sanda ta Konni: gobara a Tsarnawa, mace ɗaya ta rasu. Da gobara ce kurum, jandarma sun isa. Amma da safen nan wata mata ta zo buronsa da rahoton sata, kuma gidan da ya ƙone gidan ubanta ne.

Dakta Hamdiyya sunanta. Shekara tara tana Turai tana bincike, ta zo hutu da wani ɗan bututun ƙarfe da za ta nuna wa ɗaliban lakwal a Konni. Sai da ta buɗe jaka gaban ɗalibai ta ga babu shi.

Insifekta ya tarar da ita zaune a ƙasa kusa da gawar mahaifiyarta, Zuwaira, wadda aka lulluɓe da zane. Ɗakin ajiya ya zama toka, harawa da wake duk sun tafi. Mutane sun yi cirko-cirko, kuma ba a ɓoye suke maganar ba: abin da ta kwaso daga Turai ne ya ci uwarta.

Ya tona toka da sanda. Kusa da wani duro na wake ya ci karo da bututun, tsawonsa bai fi ɗan yatsa biyu ba. Bai fashe ba. Murfinsa na gefe guda, an warware shi tsaf.

"Dakta, mi ke cikin wanga abu?"

"Garin ƙarfe ne, Insifekta. Haɗin zirkoniyam da kobalt." Ta ɗago kai ta dube shi. "Ana gina injinan da za su ba da lantarki ta hanyar da rana ke ba da zafi. Makamashinsu wata iskar gas ce mai wuyar samu, tiritiyam. Garin nan shi ke shanye ta, in an ɗumama shi ya maido ta."

"Akwai gas ɗin ciki?"

"Babu ko kaɗan. Amma garin, in ya haɗu da iskar waje, kamawa yake da wuta. Shi ya sa aka rufe shi haka. Hannu ba ya buɗe shi, sai da sifana."

"Wa kika faɗa wa haka?"

Ta rufe fuska. "Na ce wa mutanen gidanmu yana shanye iska. Jiya, muna cin tuwo. Ban faɗi zancen wutar ba. Wallahi ban faɗa ba."

Insifekta ya rubuta. Ya san abin da doka za ta ce: in ba a sami wanda ya buɗe ba, ita za a tsare, aikinta ya tafi, kuma mutanen garin nan ba za su daina kiranta wadda ta kashe uwarta ba.

Bai gama rubutu ba wani saurayi ya tsaya gabansa. Faruk ne, ƙanenta, direban babbar motar siminti a Malbaza.

"Ni na ɗauka. Ni na buɗe da sifanata. Ku tahi da ni."

"To, madalla. Wane launi garin yake?"

"Ja."

"Ƙarfe nawa ka buɗe?"

"Da hantsi."

Insifekta ya dube shi, tausayi ya kama shi. Kai, ko ƙaryar ma bai iya ba! Garin toka-toka ne, Dakta ta rubuta haka a rahotonta. Waya ɗaya ya buga Malbaza, aka ce masa tun asuba Faruk ya ɗauki kaya zuwa Illela, bai juyo ba sai da aka kira shi.

"Sifanar taka ce, wannan na yarda. Wa kake karewa?"

Faruk ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

A zaure maigidan yake, Malam Habibu, ana ta yi masa gaisuwa. Tsoho ne siriri, ya naɗe hannuwansa cikin babbar riga duk da zafin da ake yi. Insifekta ya tsuguna, ya yi masa ta'aziyya, ya jira zauren ya rage.

"Baba, ina kuke lokacin da wuta ta tashi?"

"Ina gona, ɗana."

"Wa ya gan ku?"

"Allah ya gan ni."

Insifekta ya miƙa masa hannu kamar zai yi sallama. Tsohon ya manta, ya fiddo nasa. Yatsun sun yi fari fat, fatar ta saluɓe, an shafa musu ɗanyen ƙwai. Insifekta bai saki maganar ba, ko da yake ransa bai so.

"Baba, gobarar kara ba ta ƙona yatsu uku ta bar hannun riga. In kun yi shiru, Hamdiyya zan saka a mota. Yau ɗin nan."

Tsohon ya janye hannunsa. Sannan ya ce a kira masa ɗiyarsa. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ni ne, Hamdiyya. Ba kowa ba."

"Baba!"

"Bari in gama. Kin san waken bana ya yi kyau. Kin san ƙwari. Kowace shekara ƙwayar magani nike sakawa cikin duro, kowace shekara Innarku ta kwana tana tari, ƙirjinta kamar zai tsage. Malaman gona sun ce in an hana ƙwari iska, mutuwa sukai, ba sai da magani ba. Jiya da kika ce abinki na shanye iska, sai na ce to, ga shi Allah ya kawo, ta hannun ɗiyata. In barbaɗa kaɗan, in rufe duro, in maida miki kamin ki lura. Innarku ta huta da tari."

Ya dubi ƙonannun yatsunsa.

"Ina zubawa sai wuta, fara, kamar walƙiya. Harawa ta kama. Hayaƙi ya rufe ni, na faɗi. Innarku ta shigo ta jawo ni. Ta turo ni waje, rufin ya sauko mata. Faruk na isowa ya ga sifanarsa a hannuna."

Hamdiyya ta rarrafa ta kama gefen rigarsa.

"Mi ya hana ku tambaye ni, Baba? Kalma ɗaya!"

"Kunya na ji. Gari duka na ce musu ɗiyata ta san abin da Turawa ba su sani ba. Sai in zo in ce ban gane abin da kike faɗi ba?"

Insifekta Mamman Sani ya shekara ashirin yana kama mutane, bai taɓa jin ya tsani aikinsa kamar ranar ba. Ya bar ankwa a aljihu. Ya jira aka yi wa Zuwaira sutura, aka sallace ta, aka kai ta. Tsohon bai iya ɗibar ƙasa da ƙonannun yatsu ba, Faruk ne ya zuba a madadinsa.

Da la'asar Insifekta ya nufi mota da tsohon. Hamdiyya ta biyo su da gudu, ta riƙe ƙofar.

"Insifekta, ku rubuta ni ma. Ni na kawo shi gidan nan."

Tsohon ya leƙo ta taga.

"Koma ciki, ɗiyata. Mata na zuwa gaisuwa, kuma babu wanda zai tarbe su sai ke."