Sharaɗin da Ya Tsallake Gonar Baba

A shekarar 1976 Mahmudu ya fara ganin Huseina, a wani ofishin lissafi a birnin Madani, inda ba kasafai ake jin Hausa ba. Shi ke rubuta wa kwamfuta umarni, ita ke huda katunan da na'urar ke karantawa. Da ya ji ta gaishe shi da Hausa, sai ya ɗago kai.

"Ke 'yar ina ce?"

"Wad Haddad. Kai fa?"

"Abu Na'ama," ya ce, yana murmushi.

Tun daga ranar, in ya miƙa mata aiki sai ta tarar da kati a sama, ya rubuta da biro: "Hasken idona, kin karya kuwa?"

Aka ba shi aikin jadawalin ban ruwa. Na'ura za ta zagaya gonaki ɗaya bayan ɗaya, in auduga ce ta sa mata ranar ruwa, in ba a shuka ba ta wuce ta gaba. Jadawali ya fito, sai ga gonaki da yawa babu su a ciki, har da hawasha, wato gonar haya, ta Malam Usmanu, mahaifin Huseina. Audugarsa ta fara yaushi.

Da magabatan Mahmudu suka je neman aure, tsohon ya ce, "Wanda ya hana gonata ruwa ba zan ba shi 'yata ba."

Huseina ta sami Mahmudu idonta jawur. "Ko ni na huda ba daidai ba?"

"Kwantar da hankalinki, masoyiyata. Zo mu duba tare."

Suka baje katunan suna bi layi-layi, har Mahmudu ya gano. Duk inda na'urar ta ci karo da gonar da ba a shuka ba, sharaɗin da ya rubuta sai ya fitar da ita daga zagayen gaba ɗaya, ta bar sauran.

Ya gyara, ta huda sabon kati, ya kai sabon jadawalin can Wad Haddad da kansa. Ya durƙusa gaban Malam Usmanu.

"Baba, kuskurena ne, ba na na'ura ba."

Da aka saki ruwa Mahmudu ya naɗe wando, ya karɓi fartanya ya shiga kunyoyin.

Tsohon ya kalle shi, sannan ya dubi maƙwabta. "Ɗanmu ne fa ke ba na'urar hukuma umarni. Ku dubi kuma yadda yake riƙe fartanya."

Bayan tsinkar auduga aka ɗaura aure. Malam Usmanu ya riƙe hannun Mahmudu a gaban jama'a ya ce, "Ga Huseina nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."