Shafi Na Goma Sha Biyu

A ofishin maɗaba'a ta fara ganinsa, yana feƙe fensir, hannun rigarsa duk launi. Edita ya ce, "Ga mai zanen littafinki." Marubuciyar nan da ba a kayar da ita a magana, a ranar nan ko gaisuwa sai da ta maƙale mata.

Labarinta na yara ne, shafi goma sha biyu: wata yarinya ta bi tsuntsu ta ɓata, a shafin ƙarshe ta dawo gida. Sukan ninke fararen takardu kamar littafi, ita ta manna kalmomi, shi ya zana da fensir kafin a sa launi. Kafin su kai shafi na shida, ai magana ta wuce ta littafi.

"Alƙalamina, kin rubuta 'ta ji tsoro'. Goge shi, ni zan sa tsoron a idonta," ya turo mata a waya.

"To, Mai Launi. Ni kuma wa zai goge min tunaninka?"

Abu ɗaya ke sa tsigar jikinta tashi. Ta duba tsofaffin littattafansa, kowace yarinya fuskarsu ɗaya: wushirya, ɗan tabo a gira, da ido kamar na mai jiran wani. Zuciya ba ta da ƙashi, har ta fara zargin 'yarsa ce yake ɓoye mata. Ta tsare shi da tambaya.

Ya daɗe yana juya fensir kafin ya ce, "Autarmu ce. Ni ke ɗauko ta daga makaranta. Ranar na tsaya ƙarasa wani zane, ta gaji da jira ta taho ita kaɗai, mota ta buge ta. Shekara tara ke nan. Ko fuskar wa na fara, tata ke fitowa."

Kunya da tausayi suka rufe ta. Sai a lokacin ta gane dalilin da har yanzu shafi na goma sha biyu ya gagare shi zanawa.

Da ya kai wa Ummansa maganar aure, Umma ta tarar da zanen littafin mai fuskar autarta a jakarsa, ta ce, "Wato ka samo mai taya ka tone min ciwo? Ba da yawuna ba!"

Saƙonsa ya shigo: "Umma ta ce a'a. Na sa ta kuka sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ki yafe min, Alƙalamina."

Ta sha kuka kwana biyu, ran na uku ta ɗauki ninkakken littafin ta nufi gidan su Mai Launi. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta fara karantawa yadda take gwada labari a gaban yara: ta karanta, ta yi shiru, ta bar mai sauraro ya juya shafi. Umma ta kawar da kai. A shafi na huɗu dai hannunta ya miƙo, ya juya shafin.

Suka kai ƙarshe, takarda fara fat.

"Ina sauran?" in ji Umma.

"A nan take dawowa gida, Umma. Ya kasa zanawa. Gani yake bai cancanta ba."

Umma ta daɗe tana shafa farar takardar, sannan ta ƙwala wa ɗanta kira. Ya shigo kansa a ƙasa.

"Zauna ka zana min ita a bakin ƙofar nan, ni kuma ina buɗe mata." Ta tura masa littafin. "Shekara tara ina kukan wadda ta tafi, ashe kai ma tun ranar ba ka dawo gida ba."

Ya zana, hawaye na ɗiga a kan takarda, Umma na gyara masa: "A'a, kumatunta sun fi haka."

Da ya gama, ta kamo hannun marubuciyar ta ce, "'Yata, ki gaya wa iyayenki muna tafe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu cika min gidan nan da hayaniya."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Umma ce ta fi kowa rawar kai.